Ruwa a Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Auna Kayan Sanyaya Na'ura a Zafin Damagaram

A tsakiyar Afrilu, bayan azahar, wani matashi mai haɗa bidiyon biki da suna a unguwar Zengo ya shigo shagona da waya a hannu. Hoto ya nuna mini: akwatin kwamfuta mai gilashi, tiyo biyu sun lanƙwasa a ciki, ruwa kore yana zagayawa, fitilu sun haske ko'ina kamar motar amarya.

"Kawu, dubi wannan. An ce in na sa shi na huta da zafi. Daga Kano za a kawo mini."

Na ce, "Yaro, ɗakin da kake aiki, digiri nawa yake kaiwa da ƙarfe uku na rana?"

Ya yi shiru. Bai taɓa aunawa ba, bai kuma ga abin da ya haɗa tambayar da hoton ba. Alhali duk wanda zai sayi kayan sanyaya kwamfuta da ruwa a garin nan, daga wannan tambaya lissafinsa yake farawa, kuma ita ce za ta gaya masa wane ƙarfe a cikin kwalin ya cancanci kuɗinsa, wane ne kwalliya.

Mu da muka tashi da randa a tsakar gida, da zarar an ce ruwa sai mu ji sanyi a zuci. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana naso, iska busasshiya ta ɗauke danshin, tururin ya tafi da zafi. Shi ya sa ruwan randa yake fin iskar tsakar gida sanyi, musamman da bazara kafin damina ta jiƙa iska. Ruwan kwamfuta a rufe yake ruf, ba inda yake turara. Aikinsa dako ne: ya ɗauki zafi daga kan furosesa, wato ɗan guntun da yake yi wa kwamfuta lissafi, ya kai shi lagireto, fanka ta hura shi cikin ɗaki, ya dawo ya sake ɗauka. Tunda iskar ɗakin ce take karɓar kayan, ruwan ba zai taɓa fin ɗakin sanyi ba, ko da an jera lagireto goma. Kullum yana sama da ita da wasu digiri.

Sai dai ɗan dako ne na kirki. Giram ɗaya na ruwa yana shanye zafi ninki huɗu na giram ɗaya na iska kafin ya ƙara digiri ɗaya, kuma ruwa ya fi iska nauyi fiye da sau 800. In aka haɗa biyun, lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar abin da sai kusan lita 3,500 ta iska za ta ɗauka. Amfaninsa ke nan: furosesa ba ta kai faɗin akwatin ashana ba, amma irin su Core i9-13900K na Intel suna iya zuƙar wat 253 in aiki ya yi tsanani, Ryzen 9 7950X na AMD kuma har wat 230. Ruwa yana kwashe wannan zafi daga ɗan ƙaramin wuri ya shimfiɗa shi a kan fili mai faɗi inda fankoki za su iya da shi.

Yanzu a duba abin da yake ruɗar masu saye. Masu gwada waɗannan kaya a Turai da Amurka suna yin gwajinsu a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25. A ce mai gwaji ya nuna furosesa ta tsaya a 72 a ɗaki mai 22. Lambar da ta shafe mu ita ce tazarar, wato 50. Ɗauko wannan na'ura ka ajiye ta a shago mai rufin kwano a nan, a watan Afrilu ko Mayu da zafin rana yake haura 40, ka ɗora 50 a kai, ka ga 90. Intel ta sa iyakar Core i9-13900K a 100, AMD ta sa ta Ryzen 9 7950X a 95, kuma in an kai iyaka na'urar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wato abin da Bature ya kira sakamako mai kyau, a wurinmu bakin rami ne. Ga kuma wani abu da ake mantawa: kwamfutar da take zuƙar wat 600 duk zafin nan a ɗakin take zubar da shi. In ƙofa a rufe take saboda ƙura, ɗakin yana ƙara zafi, ruwan yana bin sa. Mai aiki a soron ƙasa na unguwar Birni ya fi mai shagon kwano samun sauƙi tun kafin ya sayi ko da ƙusa ɗaya.

Saboda haka ni daga lagireto nake fara duba kwali, wanda makanikan nan suke ce wa radiyatar. Shi ne ƙofar fitar zafi, kuma shi kaɗai ne in ka ƙara shi za ka ga bambanci a fili. Ana auna shi da yawan fankokin da yake ɗauka: mai fanka ɗaya ta milimita 120, mai biyu 240, mai uku 360, akwai kuma jerin masu faɗin 140, wato 280 da 420. Ma'aunin da masu wannan sana'a suke riƙewa a ka shi ne gurbin fanka ɗaya ga kowane wat 100, in ana so ruwa ya tsaya kusan digiri 10 a saman ɗaki ba tare da fankoki sun cika kunne ba. A ƙasa mai sanyi mutum yana iya yin rowa, ya bar tazarar ta kai 15 ko 20, ba abin da zai same shi. Mu ba mu da wannan rarar. Ɗaki mai 40 da tazara 20 ya ba ka ruwa mai 60, kuma 60 ita ce iyakar da masu ƙera manyan famfunan da suke tura ruwan suka rubuta. Kwalin da ya zo da lagireto 240 kaɗai ya isa furosesa matsakaiciya. In za a haɗa da katin hoto irin RTX 4090, wanda shi kaɗai wat 450 ne, ko 360 guda ɗaya bai isa ba. Kafin a biya kuɗi kuma a sa ma'auni a akwatin, don sau da yawa lagireto yana isowa sai a tarar yana gogar sandunan ƙwaƙwalwa ko ba shi da mazauni sam.

Kauri yana da tasiri amma bai kai tsawo ba. Akwai na milimita 30, 45 da 60, kuma mai kauri sai da fanka mai ƙarfi kafin iska ta ratsa shi. Abin da ya fi damuna shi ne haƙarƙarin, ƴan siraran ganyen ƙarfen da suke tsakanin hanyoyin ruwa. Ana ƙidaya su a kowane inci: wasu 8 ko 10, wasu sun haura 20. Mai cunkoso ya fi sanyi a takarda. Amma mu muna da hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yana shiga ta kowace kafa, ko garin da ke cikin kwano mai murfi bai tsira ba, balle abin da fanka uku suke zuƙo wa iska dare da rana. Haƙarƙari mai cunkoso yana toshewa kamar rariyar da aka tace kunu, sai ka ga bargon ƙura ya lulluɓe shi. Wanda ya sayi mai 20 ya bar shi wata uku bai hura ba, ya koma bayan mai 12 da ake sharewa. Ni na fi son mai sarari, da ragar tace ƙura da za a iya zarewa a kakkaɓe ba tare da an kwance komai ba, da kuma tsarin da iskar da take shiga akwati ta fi wadda take fita yawa, don kada ƙura ta riƙa kutsawa ta tsagogi.

Fankokin da suke zuwa cikin kwali mai araha galibi nan ake cin ribar. Fankar lagireto tana bukatar ƙarfin turi, ta iya matsa iska ta cikin matsi, kuma wannan daban yake da yawan iskar da take kaɗawa a fili. A duba ko tana da fil huɗu, don babban allo, wanda masu gyara a nan suke kira kart mer, ya iya rage mata gudu ko ya ƙara. P12 na kamfanin Arctic ba ta da tsada kuma tana aikin. NF-A12x25 na Noctua ta fi ta shiru, ta kuma fi ta kuɗi nesa. Fitilun da suke jiki ba sa rage ko rabin digiri.

Tambaya ta biyu da nake yi wa kwali ita ce: da wane ƙarfe aka yi ka? Jan ƙarfe yana wuce da zafi kusan ninki biyu na sanholo, wato alminiyam, amma sanholo ya fi sauƙin kuɗi da nauyi. Kowannensu shi kaɗai yana aiki. Masifa tana zuwa ne in aka haɗa su a ruwa ɗaya. Ƙarfe biyu mabambanta a cikin ruwan da yake wuce da lantarki batir ne ƙarami, kuma sanholo ne yake biyan kuɗin: yana ciwuwa a hankali, farin gari yana ɓarewa daga jikinsa, ya bi ruwa ya je ya toshe inda hanya ta fi matsi, daga baya lagireto ya huje. Ruwa ba ya tsami banza. In ka ga na cikin tanki ya yi duhu-duhu ko fari-fari bayan ƴan watanni, yawanci wannan ne. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zama lafiya da juna. Sanholo sai da ɗan'uwansa. Kamfanin EK na Sulobeniya ya taɓa fitar da jerin kaya na sanholo zalla mai suna Fluid Gaming, ya kuma yi gargaɗin kada a gauraya shi da kayan jan ƙarfe.

Abin haushi, kwalaye marasa suna da suke yawo a shagunan intanet sukan zo da farantin da ake ɗorawa kan furosesa na jan ƙarfe da lagireto na sanholo, a shafe shi da baƙin fenti ba mai ganewa. Maganaɗisu ba zai taimake ka ba, don ba ya kama ko ɗaya. Hannu ne alƙali: lagireton jan ƙarfe yana da nauyin da za ka ji, na sanholo sakayau yake. Sai a leƙa cikin bakin da ake ɗaura tiyo da fitilar waya. Launin rawaya ko ja alamar tagulla ko jan ƙarfe ne, fari-toka kuma abin tambaya ne. A wajen faranti launi yana iya yaudara, domin masu kyau da yawa jan ƙarfe ne aka lulluɓe da nikel yana sheƙi fari.

Shi farantin da yake zama a kan furosesa, in dai na sanannen kamfani ne, ba na ɓata lokaci a kansa. A cikinsa akwai ƙananan tsagogi masu yawa da ruwa yake bi, da wata ƴar marfi mai tsaga da take feso ruwan a tsakiya. Tsakanin na EK, Alphacool, Watercool, Bykski da Barrow, bambancin ƴan digiri ne ƙalilan, bai kai abin da ƙura take ci a mako biyu ba. Abu biyu kawai za a tabbatar. Na farko mazauni: LGA1700 na Intel da ya fito a 2021 ramukansa sun bambanta da na magabatansa, AM5 na AMD da ya fito a 2022 kuma yana karɓar yawancin kayan AM4 amma ban da masu bukatar a sauya farantin baya. Tsohon kwali da ya daɗe a kanti yana iya zuwa babu ƙafafun da suka dace. Na biyu murfi: na roba mai gani-har-hanji yana da kyau a ido, amma yana tsagewa in an matse mahaɗi da ƙarfi, baƙin na robar asetal ya fi juriya. Kuma a tuna a ɓare ledar da take manne a ƙasan farantin kafin a shafa man da yake cike tsakaninsa da furosesa. Na ga wanda ya manta, ya kwana yana zargin famfo.

Famfo kuwa shi ne abin da in ya tsaya komai ya tsaya. Suna biyu ne suka mamaye wannan fage, D5 da DDC, dukansu ƙirar kamfanin Laing na Jamus ne, wanda yanzu yake ƙarƙashin Xylem, sauran kamfanoni suna sayensu su sa musu riga da sunansu. D5 babba ne, yana iya tura har lita 1,500 a awa in babu abin da ya tare shi, yana ɗaga ruwa kusan mita 4, kuma ruwan da yake turawa shi yake sanyaya shi. DDC ƙarami ne, ya fi ƙarfin turi a hanya mai matsi, amma zafinsa ta ƙasa yake fitarwa zuwa iska, don haka yana bukatar rigar ƙarfe da wurin shan iska. A akwatin da cikinsa ya riga ya zama tanda, wannan rauni ne. Ga Damagaram D5 nake zaɓa in akwai wuri, ko da yake yana iya cin har wat 23, abin da mai aiki da hasken rana da batir zai sa a lissafi.

Lambar lita da ake bugawa a kwali da manyan haruffa ba ita ce abin dubawa ba, don ana auna ta ne famfo yana zuba a fili. Da zarar an ɗaura faranti da lagireto da gwiwoyi, sai ta faɗi warwas. Kuma ba a bukatar guguwa. Lita 4 a minti, in tana ɗauke da wat 300, ruwan da ya fito daga faranti ya fi wanda ya shiga da digiri ɗaya da ɗan kaɗan ne kawai. Wannan ya kashe gardamar da samari suke yi a kan wane zai fara shan ruwa, furosesa ko katin hoto, ko a sa lagireto a tsakaninsu. Ruwan duka kusan zafinsa ɗaya ne ko'ina. Doka ɗaya ce ba a karyawa: tanki ya kasance a sama da famfo yana ba shi ruwa kai tsaye. Juyin waɗannan famfuna a kan ɗan ƙwallon tangaran yake, ruwa ne mansa, in ya juya a bushe ko na ɗan lokaci ne ya lalace. Girman tanki ba ya ƙara sanyi, jinkirta ɗumamar ruwan kawai yake yi. Famfunan kwaikwayo marasa suna wasu suna aiki shekara, wasu wata biyu, kuma ba wanda zai gaya maka naka wane ne. Tsayawarsa ba ta da ƙara. Fankoki suna ta juyawa, fitilu suna ta wasa, furosesa tana dafuwa. Wanda ya sa irinsa ya saita ƙararrawar zafi a babban allo.

A kan tiyo zafinmu yana da magana ta musamman. Hotunan da suke jan hankalin yara yawanci na tiyo mai tauri ne, wanda ake gasawa a lanƙwasa. Roba ce iri biyu, akirilik da PETG. PETG ya fi sauƙin yanka da lanƙwasawa, shi ya sa ake cusa shi a kwalin masu koyo, amma masu sayar da shi da kansu suna gargaɗin kada ruwa ya daɗe sama da digiri 40, don bakinsa yana laushi a cikin mahaɗi ya saki. To, mu a bazara ɗakin ma 40 ne kafin a kunna na'ura. Wannan ya fitar da shi daga lissafi gaba ɗaya, sai ga mai ɗakin da na'urar sanyaya iska ba ta mutuwa, kuma wa ke da wannan tabbacin alhali kuran, wato wutar lantarki, yana tafiya yana dawowa? Akirilik ya fi jure zafi amma yana fashewa in an girgiza shi, kuma kwamfutar da ake ɗorawa a bayan babur zuwa wurin biki ba ta san zaman lafiya ba. A cikin masu laushi, farin tiyo na PVC yana sakin sinadarin da aka tausasa shi da shi, zafi kuma yana gaggauta hakan, sai ya yi hazo ya bar danƙo a tsagogin faranti. Baƙin roba na EPDM, irin wanda ake yi wa motoci tiyon lagireto da shi, ba shi da kyan gani ko kaɗan, kuma shi nake sa wa duk wanda ya bar mini zaɓi.

Mahaɗan da suke ɗaure tiyo da sauran kaya zarensu ɗaya ne kusan a ko'ina, ana kiransa G1/4, amma faɗin bakinsu sai ya dace da tiyon ciki da waje: mai milimita 10 ciki da 13 waje, wato 10/13, ba ya zama da 10/16. Abin da yake hana yoyo ɗan zoben roba ne, don haka da hannu ake matsewa, ba a sa filaya. A ƙirga su tun a kanti, a nemi zoben canji, a kuma duba ko akwai ƴar makunnar zubar da ruwa. Kwalaye da yawa ba sa zuwa da ita, kuma ranar sauya ruwa mutum zai gane darajarta yana riƙe da akwati a kife bisa bokiti.

Sai ruwan kansa, wanda a garin nan ba sai an gaya wa kowa darajarsa ba. Damagaram a kan dutse take zaune, daga rijiyoyin Gogo da Machaya da Arungouza da Ganaram ake turo mana abin sha, kuma kowa ya san zaman jiran famfo da kiran ɗan ga-ruwa. Wannan ruwa na sha ne, ba na na'ura ba. Duba cikin butar shayin da ta shekara a kan gawayi ka ga farin ɓawon da ya kama ta. Shi ne zai kama ƙananan tsagogin faranti. Ruwan leda da na gora su ma da gishirinsu a ciki, tacewa aka yi ba turarawa ba. Abin da ake bukata ruwan da aka turara aka tare, a ƙara masa maganin gansakuka da maganin tsatsa, ko a sayi haɗaɗɗe na kamfani. Ruwa mai ɗumi da hasken rana yake bugawa ta gilashi gona ce ga gansakuka.

A nan akwai tarko a bakinmu. In ka aiki yaro ya sayo "ruwan batir", yana iya dawowa da turarren ruwan da ake ƙara wa batir, yana kuma iya dawowa da mai guba, wato asid, don duka biyun haka ake kiransu a tasha. Na biyun zai cinye kayanka ya ƙona hannunka. A karanta jikin gorar da ido. Ruwan lagireton mota yana da maganin tsatsa, wasu suna tsarma shi su yi amfani da shi, amma sinadarin gilaikol da yake cikinsa yana rage ɗaukar zafi, mai ɗauke da etilin kuma guba ne mai zaƙi, bai kamata a ajiye shi inda yara suke ba. Ruwa mai kauri kamar nono ko mai ƙyalƙyali, wanda ya fi komai kyau a hoto, garinsa yana kwantawa ya toshe hanya. Wani kuma ya taɓa tambayata ko ya jefa ƙanƙara a tanki. Ƙanƙarar kasuwa da ruwan famfo aka yi ta, wannan ɗaya. Na biyu, duk abin da ya fi iska sanyi yana zufa kamar kwalbar lemo, kuma a watan Agusta da iska take jiƙe wannan zufar a kan allo za ta ɗiga. Sauya ruwa sau ɗaya a shekara ake cewa. Ni ina duba shi bayan kowace bazara. Sabon lagireto kuma a ɗauraye cikinsa kafin a ɗaura, domin guntayen dalmar walda suna saura a ciki daga masana'anta.

Duk wannan ga mai haɗa kayansa ɗaya-ɗaya ne. Akwai kuma rufaffen da yake zuwa a haɗe, famfo a kan faranti, tiyo biyu, lagireto, ba a buɗewa ba a ƙara ruwa. Kamfanin Asetek na Denmak shi ya yi fice da wannan ƙira, kuma ya daɗe yana ƙera wa su Corsair da NZXT. Mai lura zai ce ai yawancinsu faranti jan ƙarfe ne, lagireto sanholo, abin da na gama zagi. Haka ne. Suna tsira ne saboda an cika su da ruwa mai maganin tsatsa sosai aka rufe, kuma maganin yana da wa'adi. Ruwan ma yana raguwa a hankali ta jikin tiyo, zafi yana ƙara saurin raguwar, har wata rana a fara jin ƙurƙur. Shi ya sa shekarun garanti suke gaya maka abin da kamfani ya yarda da shi game da kayansa: Liquid Freezer na Arctic shekara 6 ne, lagiretonsa kuma milimita 38 maimakon 27 da aka saba. Sai dai garanti a nan takarda ce, wa zai mayar da kaya Dubai ko Sin daga Kasuwar Dole? A wajen ɗaurawa, kada famfo ya zama shi ne mafi tsawo a zagayen, don kumfar iska sama take taruwa. Wanda aka ce na hannu ne, ba a san shekararsa ba, ban taɓa ba wa kowa shawarar saye ba.

Kuma gaskiyar da mai sayarwa ba zai faɗa ba: furosesar da ba ta wuce wat 150 ba, babbar hasumiyar iska, wato ƙarfen sanyaya mai fanka kawai, irin NH-D15 ta Noctua ko Peerless Assassin ta Thermalright tana riƙe ta, ba famfo, ba yoyo, in fanka ta mutu a sauya ta a ci gaba. Abin dariya ma, su ɗin da ruwa suke aiki. A cikin bututun jan ƙarfen da suke jikinsu akwai ɗan ruwa a rufe, yana turara a ƙasa, ya huce a sama, ya gangaro. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da yake zanen gini, ko mai buga takardu, wannan ya ishe shi. Ruwa na mai nauyin aiki ne da gaske, wanda na'urarsa take kwana tana dafa bidiyo.

In kaya sun iso, gwaji biyu ne. Na farko na yoyo: a haɗa komai, a zare wutar allo da ta kati, a tayar da akwatin wuta shi kaɗai ta hanyar haɗa koriyar waya da baƙa a babbar filogi mai fil 24, famfo ya yi ta juyawa awanni, an shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin kowane mahaɗi. Mai ɗan famfon gwaji na iska ya fi hutawa, ya hura kusan rabin bar, wato ma'aunin matsin iska, ya zuba wa allurar ido. Na biyu na zafi, kuma a nan ake cutar mutane. Lita ɗaya ta ruwa sai ta sha wat 250 na kusan minti uku kafin ta ƙara digiri 10, ga ƙarafa su ma suna sha. Wanda ya nuna maka lamba bayan minti biyu, sanyin safiya ya nuna maka. A bar ta da cikakken aiki rabin awa, a rufe murfin akwati, a ajiye ma'aunin zafi a gaban lagireto, a cire zafin ɗakin daga zafin furosesa.

Yaron nan na Zengo ya dawo bayan kwana biyu da ma'aunin da ya ara a wurin yayarsa mai aikin jinya. Ɗakinsa 39 ne da la'asar. Muka buɗe bayanin kwalin da ya nuna mini: lagireto 240, ba a faɗi ƙarfensa ba, tiyon PETG, famfo ba suna.

"To Kawu, fitilun fa?"

Na ce masa ana sayar da su daban, kuma ba su da tsada. Ya kira mutumin Kano ya ce a dakata, ya tambayo masa nauyin lagireton tukuna.